Zanen tatu da neman aiki: abin da ba a faɗa maka a ɗakin intabiyu

Duk lokacin da sojoji suka buɗe shafin ɗaukar sabbin kurata sai ka ga samari sun cika shagunan masu kwamfuta ana ta cike fom, kowa na lissafin shekarunsa da tsawonsa da kiredit nawa ya samu a WAEC ko NECO, amma akwai layi ɗaya a cikin sharuɗɗan nan da yawancinsu ke tsallakewa da ido, wato kada a samu tatu ko wani rubutu a jikin mai nema. Kuma ranar tantancewa ba tambayarka za a yi ba balle ka yi rantsuwa, riga za a ce ka tuɓe. Mutum ya sha kuɗin mota tun daga ƙauyensu, ya kwana a tasha, gudu ma ya fi kowa, sai ɗan zanen kambun sarauta da ya yi a kafaɗa yana aji biyar na sakandare ya mayar da shi gida.

Waɗanda ke cikin kakin ma ba su tsira ba. A watan Disamba na 2024 shugaba Tinubu ya sa hannu a kan sabon kundin sharuɗɗan aikin soja, a ciki an rubuta ƙarara cewa hafsa ba zai yi tatu ba, ba zai huda jikinsa ba. Ni wannan bai dame ni ba ko kaɗan, in ma gaskiya ake so na fi ganin mutuncin sojoji a wannan fannin a kan sauran ma'aikatu, don su dai sun rubuta, ka gani ka yarda ko ka gani ka fasa. Inda abin ke ci min rai shi ne bankuna da otal-otal da makarantun kuɗi da ƙananan kamfanoni irin wanda nake aiki, inda babu inda aka rubuta komai, za a yi maka murmushi, a karɓi takardunka, a ce "za mu neme ka", kana juya baya wani a cikin masu intabiyun ya taɓa wuyan hannunsa ya kalli na kusa da shi, shi ke nan an gama da kai. Kai kuwa ka tafi gida kana ta tunanin ko Turancinka ne bai fita ba, ko tambayar albashi ce ka amsa ba daidai ba.

Na zauna a irin wannan teburin, shi ya sa nake faɗa.

Kafin wani ya ce ina tallata abin, bari in faɗi matsayina tun yanzu. Ni ba ni da tatu kuma ba zan yi ba, ƙanena ma da ya zo min da maganar sai da muka kai ruwa rana. Hadisin da ya la'anci mai yi da wadda ake yi wa yana cikin Bukhari da Muslim, ba abin da za a tsaya ja-in-ja ba ne a wurin Musulmi, abokanmu Kirista ma da yawa suna kafa hujja da Littafin Firistoci sura ta 19 aya ta 28 duk da cewa su a tsakaninsu akwai masu fassara ta daban. To amma hukuncin yin abu daban, yadda za ka yi mu'amala da wanda ya riga ya yi daban. Wanda ya yi yana shekara goma sha bakwai, yanzu ya kai talatin da mata da 'ya'ya biyu, ya iya aikinsa, me za mu yi da shi? Mu bar shi ya zauna a majalisa har tawadar ta goge da kanta? Ai ba ta gogewa.

Yaran da ke kawo min hujja kullum daga waya suke ɗauko ta. "Yaya ai duniya ta canza, dubi Messi, dubi Neymar, dubi Davido da Burna Boy, a Turai har 'yan sanda da likitoci suna da shi." Gaskiya ne ta canza, amma a can, kuma da dalili. Cibiyar bincike ta Pew ta fitar a 2023 cewa kashi 32 cikin ɗari na manyan Amurka suna da tatu, kusan mutum ɗaya cikin uku ke nan, mata ma sun fi maza, kashi 38 da kashi 27. To mai kamfanin da ya ce ba zai ɗauki mai tatu ba a irin wannan ƙasar, wa zai ɗauka? Shi ya sa Starbucks masu shagunan kofi suka sassauta wa ma'aikatansu tun 2014 suka ce a bar shi a fili in dai ba a fuska ko maƙogwaro ba, Disney masu wuraren shaƙatawa, da duk tsananinsu a kan shigar ma'aikata, su ma suka sauko a 2021, kamfanin jiragen Virgin Atlantic na Ingila ya bar ma'aikatan cikin jirgi su bayyana na hannu a 2022, daidai lokacin da harkar jirage ke neman ma'aikata ido rufe bayan korona. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne na sojan ƙasa na Amurka. A 2022 suka ce to an yarda da ɗan ƙarami a bayan hannu, da bayan kunne, da ƙeya, har da awon inci nawa zai kai, fuska dai har yanzu a'a. Me ya faru a shekarar? Suna neman sabbin sojoji 60,000 suka tashi da giɓin kusan 15,000. Ba tausayi ne ya kama janar-janar ɗin ba, mutane suka rasa.

Yanzu ka dawo nan. Wace ma'aikata ce a Najeriya ko Nijar ta taɓa rasa masu nema? Ka sa tallar gurbi biyu na mai karɓar baƙi, kafin la'asar akwatin imel ɗinka ya cika da masu digiri har da masu digiri na biyu. Mai tantancewa ba dalilin ɗaukarka yake nema ba, dalilin rage tulin takardun da ke gabansa yake nema, kuma tatu a wuya ya fi kowane dalili sauƙi don ba sai ya karanta komai ba. Messi kuwa ba ya zuwa intabiyu. Burna Boy ba ya zama a bayan kanta yana jiran manaja ya sa masa hannu a takardar hutu. Su jikinsu na cikin hajarsu, kai kuwa da za ka tsaya gaban Alhajin da ya zo ajiye kuɗin shanunsa, jikinka na cikin hajar banki ne, ko ka so ko ka ƙi.

Masu burin fita waje ma su lura da wace wajen. Yawancin namu ba Landan suke nufa ba, Saudiyya ce da Dubai da Ƙatar. Kamfanin jiragen Emirates na Dubai sun rubuta a sharuɗɗan ma'aikatan jirginsu cewa ba a yarda da tatu da za a gani in an sa yunifom ba, kuma ba a yarda ka rufe shi da filasta ko hoda ba, wato dabarar da kowa ke tunanin zai yi sun riga sun toshe ta. Japan kuma nasu ya fi na kowa, don a can tatu na tuna wa mutane 'yan daban yakuza ne, wuraren wanka na jama'a da yawa ba sa barin mai shi ya shiga. A 2012 magajin garin Osaka, Toru Hashimoto, ya sa aka bi ma'aikatan birnin sama da 30,000 da takarda kowa ya faɗa ko yana da tatu, bayan an ce wani ma'aikacin gidan kula da yara ya tsorata yaran da nasa. Ko a gasar rugby ta duniya da suka karɓi baƙunci a 2019 sai da aka ja kunnen 'yan wasa su riƙa rufewa a wuraren wanka da motsa jiki. Ƙasa ce da ta fi mu arziki da boko nesa ba kusa ba, don haka maganar wai ƙin tatu alamar rashin wayewa ce ba ta taso ba. Kowace al'umma akwai labarin da take karantawa a jikin zanen.

Mu namu labarin an san shi. A kudu in an ga tatu tunanin farko ƙungiyar asiri ce ta jami'a ko ɗan yahoo, kuma duk wanda ya bi zanga-zangar EndSARS ta Oktoban 2020 ya ji yadda samari suka riƙa ba da labarin an tare su a hanya don kawai an ga tatu ko gashin dada ko iPhone. A arewa kuma in an gani sai a ce ɗan daba ne, ko ɗan shaye-shaye, ko dai wanda ya baro gida ya shiga bariki, in mace ce kuwa kalmar da za a faɗa ba zan rubuta ta a nan ba. Ba wanda zai tsaya ya karanta me aka rubuta. Ko sunan mahaifiyarka ne, ko ayar Zabura ce, daga nesa duk ɗaya ne.

Amma fa akwai abin da ke sa ni yin shiru in na ji muna zagin masu zane kamar mu ba mu san reza ba. Mu ne fa jikokin masu tsaga. Wanzami na zuwa ranar suna da zabirarsa, ya yi aski, ya cire beli, ya yi wa jariri zanen gidansu, Bagobiri da nasa, Babarbare da nasa dogaye, ga bille, ga 'yar baka, ga kalangu, mata kuma ga jarfa ta ado, Fulani mata har baƙin leɓe da dasashi ake yi musu da ƙaya ko allura. A lokacin fuskarka ita ce katin shaidarka, in yaƙi ya watsa gari ko aka kama mutum bauta da ita ake gane ɗan wane ne. Kuma ba ta hana kowa zama babba ba. Janar Sani Abacha da tsagarsa ya mulki ƙasar nan, Akintola da tasa ya yi firimiyan Yamma, ba wanda ya ce su rufe fuska kafin su shiga ofis. Yau kuwa dokar kare haƙƙin yara ta 2003, sashe na 24, ta haɗa tatu da tsaga a layi ɗaya ta hana a yi wa yaro, abin na mutuwa a hankali, kuma 'yan matan da aka yi wa suna ƙanana suna faɗin irin wulaƙancin da suke sha wurin neman aikin karɓar baƙi ko talla a Legas da Abuja, wai fuskar ba ta dace da kamfani ba. Wannan kam zalunci ne tsagwaronsa, don jaririyar kwana bakwai ba ta zaɓi komai ba. Mai tatu aƙalla shi ya kai kansa ya biya kuɗi.

Mutanen New Zealand sun sha wannan rigimar kafin su daidaita. 'Yan asalin ƙasar, Maori, suna da zanen gado da suke kira moko, a wurinsu nasaba ce ba ado ba. A 2013 kamfanin jiragen saman ƙasar ya ƙi ɗaukar wata mata Maori saboda zanen hannunta, alhali tambarin da ke jelar jiragensu ma daga zanen Maori aka ɗauko shi, mutane suka yi ca, sai a 2019 kamfanin ya janye dokar. Shekara ɗaya bayan nan Nanaia Mahuta ta zama ministar harkokin waje da zanenta a haɓa, tana zama da manyan duniya a haka. Abin da na ɗauka a nan ba wai a saki kowa ya yi yadda ya ga dama ba ne, a'a, doka ce in za a yi ta a san me ake hanawa kuma don me, kada a ce "zane a jiki" kawai a kwashe da Bagobiri da ɗan ƙungiyar asiri a buhu ɗaya.

Lalle kuma fa? Amarya ta dawo daga hutun biki hannu da ƙafa baƙi wuluk da zanen fulawa har gwiwar hannu, ta zauna a kanta tana ƙirga kuɗi, kwastoma na "Allah ya sanya alheri", ba wanda ya ga rashin kamala. A Kano ke nan. Ita ɗin dai in aka mayar da ita reshen Victoria Island a Legas wata manajar za ta iya kiranta gefe. Ido ne kawai da abin da ya saba gani. (Wannan baƙin da ake haɗawa da dayis ɗin gashi kuwa a yi hattara, yana ƙona fatar wasu ya bar tabo mai siffar zanen, ka ga an samu na dindindin ba a shirya ba.)

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan dogon surutun shi ne wani yaro da muka ɗauka a wurin aikinmu, muna harkar sola ne, haɗa faranti da batir da inbata a gidaje da shaguna. Yaron Kirista ne daga kudancin Kaduna, hannunsa na da albarka wallahi, in ya ja waya kamar da rula, ga shi ba ya taɓa kayan mutane. Ranar intabiyu da riga mai dogon hannu ya zo ba wanda ya lura. Sai da aka fita aiki rana ta buɗe ya naɗe hannun riga, sai ga sunan mahaifiyarsa da shekarar da ta rasu a damtsensa zuwa ƙasa, da ɗan gicciye. A shaguna da ofisoshi ba wanda ya ce uffan. Amma wani gida da suka je a cikin gari, gida ne na kulle, sai an yi sallama an ce mata su shiga ɗaki kafin ma'aikata su wuce, maigidan na ganin hannun ya kira ogan namu a waya a gaban yaron, ya ce "Injiniya, ni da na yarda da kai na buɗe maka gidana, sai ka turo min ɗan daba?" Oga ya yi ta ba shi haƙuri, "Alhaji wallahi yaron kirki ne, sunan babarsa ce marigayiya", Alhaji ya ce Allah ya ji ƙanta amma a canza masa wani.

To a nan wa za ka ba rashin gaskiya? Alhaji gidansa ne, iyalinsa ne, kuɗinsa ne, kuma a duniyar da ya sani duk mai irin wannan zanen da ya taɓa gani ba mutumin arziki ba ne. Yaron kuma bai yi wa kowa komai ba, marayan da ya yi kewar uwarsa ne a hanyar da ya ga ana yi a unguwarsu. Da muka zauna a ofis wasu cewa suka yi a sallame shi kawai a huta, kasuwa ba ta son rigima. Akawunmu, wata baiwar Allah mai tsagar Barebari a kumatu, ita ce ta ce in dai zane ne matsalar to ita ma a haɗa da ita, aka yi dariya amma maganar ta zauna. Shi kansa yaron da oga ya kira shi cewa ya yi, "Oga da an faɗa min tun farko ai da ban naɗe ba, ni ban san laifi ba ne a nan." Kuma gaskiyarsa, ba wanda ya faɗa masa, mu duka mun ɗauka kowa ya sani.

Ya ma yi tunanin cirewa, ya je ya tambayo. Ana yi da na'urar leza a manyan asibitocin fata, amma ba zuwa ɗaya ba ne, sai an yi ta komawa ana barin makonni a tsakani, kuɗin ya ninka na yin zanen sau ba adadi, ga zafi, kuma a baƙar fata irin tamu wurin na iya yin fari ko ya ƙara duhu, mai jikin da ke yin tabo mai kumburi kuwa sai ya gwammace zanen. Masu gogawa da ruwan batir ɗin mota ko asid ko dutsen guga don su samu shiga soja, don Allah ku bari, likitan tantancewa ya san tabon ƙuna ya kuma san me aka ɓoye a ƙarƙashinsa, ka yi biyu babu.

Wani aikin ma riga mai dogon hannu ba ta ceton ka. Ma'aikatan jinya da masu aikin tiyata hannunsu a buɗe yake zuwa gwiwar hannu saboda wanke hannu, a asibitocin gwamnatin Ingila ma doka ce, mai koyar da wasanni ma haka. Don haka wanda zuciyarsa ta riga ta tafi kuma addininsa bai hana shi ba, ni ba abin da zan ce masa sai ya tuna rigar aikin da yake burin sawa, ya tsaya gaban madubi ya ga inda ta tsaya. Wuya da bayan hannu da yatsu da fuska, waɗannan ko a Amurka masu yin zanen da kansu sukan ja wa sabon shiga kunne a kansu.

Mu dai a ƙarshe ba a kori yaron ba. Oga ya sa aka rubuta 'yar takarda shafi ɗaya da ake ba duk mai neman aiki tun kafin ya zauna a kujerar intabiyu. An ce tatu ba ya hana a ɗauke ka in ka iya aiki, sai dai na fuska da wuya, da duk wanda ke ɗauke da alamar ƙungiya ko batsa ko cin zarafin addinin wani. In za a shiga gidan mutane ko masallaci ko makaranta, kowa da kowa zai sa rigar kamfani mai dogon hannu, mai zane da marar zane, don kada a ware mutum ɗaya, kuma kamfani ne zai ɗinka. Tsagar gado da lalle ba sa cikin maganar kwata-kwata, akawu ce ta tsaya sai da aka rubuta wannan da manyan baƙaƙe. Rigimar da ta rage yanzu ta yadi ce, don telan ya ɗinko mana wani mai kauri kamar buhun siminti, ga watan Afrilu na tahowa kuma aikin a kan rufin kwano ake yinsa, yaran sun ce ko a canza yadin ko a ƙara musu kuɗin ruwan sanyi, oga ya ce zai duba.